Wandon da Ba Ya Magana

Idan ka gaya wa baƙo cewa a Minna akwai matar da ta yi suna wajen zaɓar wa maza wandon sanyi, dariya zai yi maka. Garin da tun ƙarfe tara na safe rana ke gasa wa mutum ƙeya, ina ruwansa da wandon sanyi? To, amma baƙo bai taɓa tsugunawa a bakin fadama bayan asuba cikin watan Disamba ba, raɓa ta jiƙa shi har cinya, haƙoransa suna kaɗawa, kuma an hana shi ko da tari. Maharban Garatu sun tsuguna, sun san abin. Shi ya sa da zarar an gama girbi suke kama hanyar unguwar Kpakungu.

Sunanta Muniratu, amma in ka shiga Kpakungu kana tambayar Muniratu za ka sha yawo har takalminka ya tsinke. Ka ce Maman Kafayatu mai gwanjo, ko ɗan acaɓa zai nuna maka. Rumfarta tana kusa da inda motocin Bida ke lodi, kwano huɗu ne a kan sanduna, da teburin katako da igiyoyin da take rataye kaya. Banufiya ce, gajera, mai kauri, kuma bakinta ya fi barkono. Tana sayar da rigunan yara da na mata kamar kowace mai gwanjo. Wandunan maharba kuwa ba ta rataye su, a buhu take ɓoye su ƙarƙashin tebur, sai wanda ta sani take buɗe wa.

Abin gado ne, ko da yake ba irin gadon da ake rabawa ba. Mahaifinta maharbi ne a wani ƙauye na bakin kogi, can ƙasa da Bida. Tun tana 'yar shekara bakwai ita ke wanke masa kayan daji, ba da sabulu ba, da ruwan toka, sannan ta shanya su a madafa hayaƙi ya kama su, don kada naman daji ya ji ƙanshin gida. Duk ranar da ya yi sabon wando sai ya zaunar da ita a bayan ɗaki, ya ce ta rufe ido, shi kuma ya yi ta zagayawa. In ta ce, "Baba, na ji ka," sai ya tuɓe wandon ya ba wani. Yakan ce mata, "In ke kin ji ni, to gada ta ji ni tun jiya."

Aure ya kawo ta Minna. Mijinta Ndaman direba ne a hanyar Bida, mutumin kirki, Allah ya ɗauke shi lokacin da 'yarsu Kafayatu take aji uku a firamare. Dangi suka ce ta koma gida, ta ce ta gode, ta kafa rumfa. Shekara biyu tana fama da rigunan yara kafin Gaiya ya faɗo mata.

Gaiya mutumin kudancin Kaduna ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna, da ya aje aiki ya koma Garatu yana noman doya, yana bin maharba. Ran nan ya tsaya a rumfarta ya ga wani wando mai ƙyalli, mai auduga a ciki, irin na ƙasashen ƙanƙara. Ya zura shi a kan nasa, ya yi taku uku yana murmushi kamar ango.

"Na daji nake so, Madam," in ji shi. "Wannan zai kashe sanyi."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta kwashe da dariya. "Zai kashe sanyi, amma ba zai kashe ko ɓera ba. Oga, wandonka sai magana yake. Ni da nake cikin hayaniyar tasha ina jin sa, balle gada?"

Ya ji haushi, har ya juya zai tafi. Sai kuma ya sake yin taku uku, wannan karon yana saurare. Ya tsaya. Ya dawo ya tuɓe wandon. Ta zaƙulo masa wani tsohon wando mai ruwan ƙasa, mara kyan gani, wanda ko kyauta ba kowa zai karɓa ba. Da shi ya harbi gada biyu a shekarar, ya kuma cika Garatu da labari. Yau shekara ashirin da biyu ke nan.

Na sha tsayawa ina kallon yadda take aikin, kuma har yau ban gaji ba. Takan kama ƙafafun wando biyu, ta kai su kusa da kunnenta na dama, ta rufe ido, ta goga su da juna a hankali kamar yadda cinyoyin mutum ke gogayya in yana sanɗa. A lokacin ko mota ce ta kama da wuta ba za ta buɗe ido ba. In ya yi ƙara, ta jefar da shi gefen 'yan acaɓa, su dai iska ce matsalarsu. In ya yi shiru, sai ta jawo wani tsohon gwangwanin madara da take tara ƙarangiya a ciki, ta watsa masa, ta kakkaɓe. Wandon da ya riƙe ƙarangiya zai riƙe karara mai ƙaiƙayi, kuma wanda karara ta shiga wa wando a daji ba ya buƙatar a yi masa bayani. Daga nan ta yayyafa masa ruwan buta ta ga ko zai sha raɓa. Ƙarshe sai ta sa mai saye ya tsuguna a gaban jama'a, komai girmansa, ta ga ko gwiwa ta sami wuri.

Akwai wanda ba ta sayarwa ko da ya ci duk wannan jarrabawa, wato mai zanen kakin soja. Samari sun fi son sa, suna ganin da shi ake zama maharbi. Takan ce, "A wannan zamani za ka sa wannan ka shiga daji da bindiga? In 'yan banga suka hango ka daga nesa, wa zai tsaya tambayar sunan ubanka?" Ta yi gaskiya. Da can maharban har wajen Kuta suke kaiwa, yanzu dajin can ya yi masu shi, sai fadamun kusa da gida.

Kuma ba ta ƙaunar mai zuwa a makare. Duk wanda ya zo ana gobe fita zai sha faɗa kafin ya sami wando: ba a fafe gora ranar tafiya, yaushe za a wanke shi da toka, yaushe hayaƙi zai kashe warin gwanjo? Su kuwa ƙattin nan masu gemu sai su sunkuyar da kai kamar 'yan makaranta.

Dole ka san yadda farautarsu take kafin ka gane nauyin wannan wando. Mutanen kashi biyu ake raba su. Akwai masu kora, su ne ke ratsa ciyawa da karnuka da ihu suna tayar da nama. Akwai masu jira, waɗanda ke tsugunne a bakin hanyoyin da nama ke bi zuwa ruwa, awa biyu, awa uku, ba motsi. Dokarsu tun ta kakanni ita ce duk mai jiran da ya firgita nama, to shekarar nan ya koma cikin masu kora. Ga saurayi wannan abin kunya ne kawai. Ga Gaiya, da ya haura saba'in, gwiwoyinsa suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, komawa cikin masu kora sallama ce da daji. 'Ya'yansa ma dama jira suke ya ba su dalili su karɓe bindigar.

To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun bara Muniratu ta lura duniya tana ja da baya daga kunnenta. Da farko kukan gyare ne ya ɓace, ta ɗauka gyaren ne suka ƙaura. Sai tafasar ruwa a buta. Sai ta fara cewa matasan yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Ta koyi kallon leɓen mutum, ta ƙara ɗaga murya, kuma da yake dama mai faɗa ce, ba wanda ya ga bambanci. A ranta ta sani. Tsoro ne ya hana ta faɗa, don in aka cire kunnen nan, me ya rage? Wata tsohuwa mai gwanjo a cikin ɗari.

A bana da ta kwance dilar gwanjo ta ci karo da wasu wanduna biyu iri ɗaya, masu kauri, ruwan ƙasa, da shafi mai laushi a ciki. Ta goga su a kunne, ido rufe. Shiru. Ƙarangiya ta zame, ruwa ya gangare. Daɗi ya kama ta, ta ce wannan na gwiwar Baba Gaiya ne. Ya zo ya karɓa da mako guda a gaba, kamar yadda ta hore shi, ya tsuguna a gaban rumfa, ya miƙe yana cewa yau ya koma ɗan shekara arba'in. Da shi da sauran, mutum shida ta zaɓa wa wando a wannan sanyin.

Ranar Juma'a da la'asar, ana gobe fitar farko, Kafayatu ta biyo daga makarantar da take koyarwa don ta gaida uwarta. Tana taya ta ninke kaya sai hannunta ya kai kan ɗan'uwan wandon Gaiya. Ta girgiza shi, ta yi dariya.

"Mama, wannan kuma fa? Sai ka ce ledar burodi aka ɗinka a ciki."

Muniratu tana kallon leɓenta. "Me kika ce?"

"Na ce ƙara yake yi. Ji mana." Ta goga ƙafafun da juna.

Muniratu ta karɓa, ta kai kunnen dama, ta goga. Ta kai na hagu. Ta goga da ƙarfi har hannunta ya yi zafi. Ba ta ji komai ba, sai dai fuskar 'yarta da take canzawa a gabanta. Ta zauna a kan benci, wandon a cinya. Kunya ta ji, da baƙin ciki, da wani irin maraici da rabonta da shi tun rasuwar Ndaman.

"Tun yaushe, Mama?" Kafayatu ta tambaya, ta matso dab da kunnenta.

"Tun bara."

"Kuma kika yi shiru?"

"Irinsa na ba Baba Gaiya. Gobe za su fita."

Kafayatu mai hankali ce, kuma tana son uwarta, don haka ta kawo dabara mai sauƙi. Ta ce a kira shi a waya a ce an gano ɗinkin wandon ya ruɓe, a aika masa da wani ta motar farko. Ba wanda zai sani. In ya so daga baya a je asibiti a duba kunnen a asirce.

Na rantse dabarar ta shiga ran Muniratu, ta daɗe tana juya ta. Sai ta ce, "Sauran biyar ɗin fa? Su ma ɗinkinsu ya ruɓe? Da wane kunne na zaɓa musu?" Uwar ta miƙe, ta jawo buhun daga ƙarƙashin tebur ta zazzage. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zauna nan, rufe ido. Duk wanda kika ji, ki ce kin ji."

Haka suka yi har aka kira magariba, malamar makaranta zaune ido rufe, uwarta tana goga wanduna a bayanta. Suka ware takwas. Muniratu ta wanke su da ruwan toka, ta rataye su a kan murhu su kwana suna shan hayaƙi.

Tana idar da sallar asuba ta shiga motar farko, ƙunshin a cinya. Gari ya fara haske lokacin da ta sauka a Garatu. Maharban suna taruwa a gindin wasu mangwarori bayan gari, sun kewaye wutar kara suna ɗumama hannu, karnuka suna kai da kawowa. Ita da ba ta haɗa hanya da kare, da ko inuwarsa ta gifta rumfarta sai ta ɗauko tsintsiya, ta ratsa tsakiyarsu tana tattare zane.

Shugabansu Ndakotsu, wani dogon dattijo, shi ya fara ganin ta. "Maman Kafayatu? Lafiya da sassafen nan?"

Ta aje ƙunshin. Kuma da yake ba ta jin ƙarfin muryarta, abin da ta yi niyyar faɗa wa dattawa kaɗai sai da na ƙarshen fili ya ji.

"Ba lafiya ba. Kunnena ya mutu. Tun bara ba na ji sosai, na ɓoye muku. Wandunan da na zaɓa bana, da kurman kunne na zaɓa. Na Baba Gaiya yana magana, na tabbatar. Sauran ban sani ba. Ga wasu na kawo, 'yata ta saurara, ba ni ba. Ku yafe mini."

Ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ta ga wani saurayi ya karkata ga abokinsa, ta karanta leɓensa sarai: "Ashe mun koma babbar kasuwa ke nan." Maganar ta soke ta, amma ba ta kau da kai ba.

Gaiya ya dubi wandon da ke jikinsa. Shi ma kunnen nasa ba na jiya ba ne, mako guda yana sa shi a gida bai ji komai ba. Ya yi taku biyu. Wasu suka ce sun ji, wasu suka ce iska ce a ganyen mangwaro, gardama ta kaure, rana kuma tana shirin fitowa. Sai Gaiya ya ɗaga hannu, ya kira tsohuwar karyarsa, wata ja mai suna Ƙyale-su, ya kwantar da ita ta ba su baya, ya sa Ndakotsu ya dafa wuyanta. Ya koma nesa, ya tuɓe takalmi, ya fara sanɗa a kan rairayi. Taku na biyu, kunnuwan Ƙyale-su suka miƙe cak.

"To, ga alƙali," in ji Ndakotsu.

Mutum shidan suka bi layi, kowa ya yi sanɗarsa a bayan karya. Uku ta kama, uku suka wuce tana kwance abinta. Waɗanda aka kama suka zaga bayan rumbu da wandunan da Muniratu ta miƙa musu, ita ke duban ƙugu da tsawon ƙafa ta ce kai ga naka. Na Gaiya bai kai na farko ɗumi ba, ta sani, don haka ta ciro wasu tsofaffin safa masu kauri da ta yanke wa kai, ta ce ya zura su a gwiwa daga ciki. Ya fito, ya yi sanɗa. Karya ko gezau.

Ba su tsaya dogon godiya ba, lokaci ya ƙure. Suka shige ciyawa, ta tsaya ita kaɗai a gaban tokar wutar, sannan ta nemi motar komawa.

Da ta isa rumfa ta ɗauki gwangwanin ƙarangiyar ta cusa shi can ƙasan buhu, ta ɗaure bakin buhun. Ta gaya wa Kafayatu cewa daga yau rigunan yara kawai. Kwana uku ba ta yi wa kowa faɗa ba, har maƙwabtanta suka fara tambaya ko zazzaɓi take yi. Labari kuwa ya zaga, kuma gaskiya ne wasu samarin ba su sake dawowa ba.

Ranar Talata da hantsi tana zaune ta zuba tagumi sai ta ga an aje wani ƙunshin ganye a kan teburinta. Ta ɗaga kai, Gaiya ne, sanye da wandon nan mara kyan gani. Ya sunkuyo kusa da kunnenta ya ɗaga murya.

"Cinyar gada ce. Ni na harba, amma Ndakotsu ne ya yanka da bisimilla, ki ci ba shakka. Har nan ta zo gabana, Madam, kamar daga nan zuwa bencin can. Ba ta ji ni ba."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai idonta ya faɗa kan abin da ke ƙarshen igiyar da ke hannunsa. "Baba Gaiya! Kare a rumfata?"

"Ba za ta shigo ba. Can hayin kwata za ta kwanta." Ya tsallaka ya ɗaure Ƙyale-su a jikin wata sanda, ya kwantar da ita ta ba rumfar baya, ya dawo. "Ndakotsu yana son wando, nasa ya yage a ƙaya. Ni na kawo aron kunne. Amma karya ba ta san ƙarangiya ba, ba ta san raɓa ba, ba ta san gwiwar tsoho ba. Ba kuma za ta shiga motar asuba ta je ta tona kanta a gaban maza talatin ba. Buɗe buhun."

Hawaye ya cika mata ido, ta ji haushin hakan, ta goge da bakin mayafi tana mita cewa mutum ya rasa abin da zai jawo mata sai kare. Amma hannunta ya riga ya kai ga igiyar buhun. Ta zaƙulo gwangwanin ta dangwarar a kan tebur. Ta jawo wani wando mai ruwan toka, dogo, daidai ƙafar Ndakotsu, ta matsa bakin kwatar iyakar inda zuciyarta ta yarda, ta kama ƙafafunsa biyu.

Shekara ashirin da biyu tana rufe ido in za ta gwada wando. Ran nan ta buɗe su, ta kafa su a kan kunnen karyar, ta goga a hankali. Ta sake gogawa. Ƙuda ya sauka a kunnen ya tashi, kunnen yana kwance.

Ta watsa ƙarangiya, ta kakkaɓe, ta yayyafa ruwa, ta ninke shi ta miƙa masa.

"Ɗauka, Baba Gaiya. Wannan ba ya magana. Kuma ka gaya wa Ndakotsu, shugaba ko ba shugaba ba, sai ya zo da kansa ya tsuguna na ga gwiwar."